Bol ya karye a cikin giyabos ɗin Fijo 504: yadda muka fiddo shi ba mu kashe giyabos ba

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, domin waɗanda data ba ta bari sun saurara ba, da waɗanda dama sun fi son karatu a kan sauraro. Yau gareji za mu shiga, don haka kowa ya naɗe hannun riga.

Akwai wata ƙara da duk wanda ya taɓa riƙe sifana ya san ta. Kana cikin jan bol, yana gardama, kana ƙara ƙarfi, sai ka ji "ƙas!", sifana ta yi sakwaf a hannunka. Da farko har ka fara murna, ka ɗauka ya kwance. Kana dubawa sai ka ga kan bol ɗin ne kawai ya biyo ka, gangar jikin na can ciki ta yi zamanta.

Wannan ƙarar na ji a gidanmu da ke Kambarawa, nan cikin Katsina, ina kwance ƙarƙashin Fijo 504 ta marigayi mahaifinmu, Allah ya jiƙan shi. Motar ta fi shekara 10 a ajiye gindin bedi, awaki sun mayar da inuwarta ɗakin kwana. Ni da ƙanena muka ce wallahi sai mun tayar da ita. Inji ya tashi bayan wahala, amma giyabos na ɗigar da mai ta baya. Na ce ai wannan ƙaramin aiki ne, a kwance murfin baya a canza abin da ke tare man, shi ke nan. Bol na huɗu ne ya yi mani wannan aika-aikar. Ƙanena ya leƙo ya ce, "Yaya, me ya faru?" Na ce mashi ba komai. Ƙarya nake.

Ga matasanmu da suka taso suka tarar da Corolla da Golf, bari in ɗan faɗa maku wace ce 504. A 1968 kamfanin Peugeot na Faransa ya fito da ita, a 1969 aka zaɓe ta motar shekara a Turai, a 1975 kuma ta lashe tseren Safari na Kenya, tseren da ake bi ta taɓo da duwatsu. A nan gida kamfanin PAN ya fara haɗa motoci a Kaduna a 1975, aka ci gaba da haɗa 504 a can har tsakiyar shekarun 2000, shekaru da yawa bayan Faransawa da kansu sun daina. Ita ce motar ma'aikacin gwamnati, ita ce motar alhaji, mai dogon bayan nan kuma ita ce ta yi ta jigilar mutane daga Katsina zuwa Kano, daga Katsina zuwa Jibiya har Maraɗi.

To yanzu ba a yin sabuwa. Bol ɗin da ya karye, kuɗinsa bai kai na kwanon fura ba. Amma ramin da yake ciki a jikin kwankon giyabos yake, kwankon nan kuwa in ka fasa shi, sai dai ka kama hanyar Ƙofar Ruwa a Kano ko Fanteka a Kaduna neman tsohon giyabos, wanda ba ka san irin wahalar da ya sha ba kafin ya zo hannunka. Saboda haka duk abin da za ku ji na faɗa yau, ku riƙe a ranku cewa ramin muke ceto. Bol ya riga ya mutu.

Me ya sa ma yake karyewa? Kwankon giyabos ɗin 504 na alminiyam ne, bol kuwa na ƙarfe. In waɗannan biyun suka daɗe manne da juna, danshi ya samu hanya ya shiga tsakaninsu, sai wani irin ci ya fara, kamar dai ƙaramin batir ne aka haɗa a wurin. Alminiyam ɗin ne ke ciwuwa, yana zama wani farin gari kamar toka. Garin nan ya fi alminiyam ɗin da ya fito daga gare shi cin wuri, don haka sai ya cushe tsakanin tiredi, wato zaren nan da ke zagaye da bol, ya shaƙe shi gam. Mu nan Katsina muna da sa'a, busasshiyar ƙasa ce, tsatsa ba ta cin mota kamar a Legas. Amma damina goma a gindin bishiya ba wasa ba ce. In kuma giyabos ɗan Beljiyam ne, to ku sani a Turai gishiri suke watsa wa titi lokacin ƙanƙara, ya riga ya sha ruwan gishiri kafin ya hau jirgin ruwa.

Washegari na je na ɗauko wani dattijon bakanike da ya yi zamani da Fijo tun tana yayi. Baba muke ce mashi. Bai ko duƙa ba ya jefo mani tambaya: "Yaro, wajen ɗaurewa ya karye ko wajen kwancewa?"

Na ɗauka tambayar banza ce. Ashe rabin aikin ke nan. In wajen ɗaurewa bol ya karye, wato ka ja shi fiye da ƙima, to guntun da ya rage a ciki yawanci sake yake. Abin da ke riƙe bol shi ne jan da ke tsakanin kansa da tiredi, kai ya tafi, jan ya tafi. Irin wannan wani lokaci da ɗan kurfi mai tsini da ƙaramar guduma za ka riƙa tura shi ta gefe zuwa hagu, ka ga yana juyowa, har ka ƙarasa da yatsa. Amma in wajen kwancewa ya karye, to labari ya sha bamban. Tiredin ya kama ne har ya fi ƙarfin bol ɗin kansa. Ka tsaya ka yi tunani a nan: bol cikakke, da kansa da komai, da sifana mai tsawo, ya kasa juya guntun nan. Duk wani siririn abu da za ka cusa ciki ka ce zai juya shi da ƙarfin tsiya, shi ma karyewa zai yi. Dole sai ka fara sassauta kamun.

Namu wajen kwancewa ne. Baba ya ce, "To a sauke giyabos." Na so in yi gardama, don sauke giyabos ɗin 504 ba aikin minti biyar ba ne. Ya ce shi ba ya huda ƙarfe a kwance yana kallon sama, kuma ba ya kai wuta kusa da bututun fetur. Gaskiyarsa. Kuma dan Allah, wanda zai shiga ƙarƙashin mota kada ya dogara da jak shi kaɗai, kada kuma ya tokare ta da bulon siminti, bulo farfashewa yake ba sallama. A samu ƙarfen tokara ko kututture mai kauri.

Da giyabos ya sauka aka tsiyaye man, aka goge wurin da buroshin waya, sai tambaya ta biyu ta amsa kanta: a ina ya karye? Ko ya bar ɗan tsini a waje, ko ya karye daidai da fuskar kwanko, ko ya karye can ciki. Namu daidai da fuska ne, ƙila ya ɗan leƙo da kaurin farce.

Matakin farko bai da kuɗi, haƙuri kawai yake ci. A zuba mai mai ratsa tsatsa, a ɗora kurfi a tsakiyar guntun a riƙa ba shi ƙananan duka a tsaye, tas tas tas, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofa. Dukan nan yana farfasa farin garin da ke tsakanin tiredi, mai ya samu hanyar bi. Kowa WD-40 ya sani, kuma ba laifi, amma asalinsa a 1953 aka haɗa shi a Amurka don korar danshi daga jikin ƙarfe, akwai mayukan da aka yi musamman don ratsa tsatsa da suka fi shi a wannan aikin. Tsofaffin makanikanmu man birki suke ɗigawa, wasu kananzir. In man birki za ka sa, ka kiyaye fenti, yana cinye shi. Ko wanne ka sa, ka bar shi ya kwana. Mu dai mun bari ya kwana, ƙanena na ta tsaki.

Sai zafi. Alminiyam in ya ji zafi yana buɗewa kusan ninki biyu na yadda ƙarfe ke buɗewa. Ke nan in ka gasa jikin kwankon da ke kewaye da bol, ramin zai faɗaɗa fiye da bol ɗin, kamun ya sassauta. Amma ga tarko: ƙarfe in ya yi zafi yana yin ja, ya gargaɗe ka. Alminiyam ba ya ja. Yana nan da launinsa har ya kai digiri 660, sai kawai ka ga ya lotsa ya zube. Don haka ba a tsayar da harshen wuta wuri ɗaya, zagayawa ake yi, kuma da ka ɗiga ruwa ka ji ya yi "cuu" ya tsere, ya isa haka. In bol ya bar tsini a waje, a wannan lokacin ne za ka goge gefensa biyu da magagari su yi fale-fale, ka kama da filaya mai kulle, ka riƙa motsa shi gaba kaɗan, baya kaɗan. Kada ka ce sai ya fito a juyi ɗaya. In ya motsa ko da kaurin gashi ne, ka ci nasara, saura mai da lallashi.

Namu ba abin kamawa. Na ce, "Baba, ba sai mu sa izi-awut ba?" Na gani a YouTube, wani ƙarfe ne mai tsini da tiredin hagu, ana huda bol a cusa shi, ana juyawa yana cizo yana fiddo guntun. Baba ya kalle ni ya ce, "Garin neman gira za ka rasa ido."

Bari in tsaya a nan, domin nan ne mafi yawan mutane ke kashe aikinsu. Izi-awut yana aiki a kan bol ɗin da ya karye amma bai kama ba. A kan wanda ya kama kuwa illa biyu gare shi. Siffarsa kamar karas take, kana tura shi yana buɗa guntun bol ɗin daga ciki, yana ƙara manna shi da bangon rami. Sannan an ƙera shi da ƙarfe mai tsananin tauri, abu mai tauri irin haka kuwa ba ya lanƙwasa, tsinkewa yake kamar gilas. Ranar da ya karye a ciki, ka samu ƙarfen da ya fi bakin injin hudarka tauri zaune a tsakiyar ramin. Bakin huda na yau da kullum ba zai ci shi ba, zamewa zai yi ya faɗa cikin alminiyam mai laushi da ke gefe. Daga nan sai bakin kabayid, ko injin da ke cinye ƙarfe da tartsatsin lantarki, wanda ba a kowane gari ake samun shi ba. Aikin yini ɗaya ya koma na sati biyu, gyaran gangar Auzinawa ke nan.

Abin da Baba ya zaɓa shi ne abin da ke kowace unguwa a Katsina: mai walda. Muka ɗora giyabos a Keke Napep muka nufi shagon wani matashi. Muka tarar an ɗauke wuta, sai da aka tayar da janareta.

Ga yadda ake yi. A samu washa mai rami daidai kaurin bol ɗin, a ɗora a kan guntun, a ɗiga walda ta cikin ramin har washa ta haɗe da guntun. Sai a ɗora noti wanda ya ɗan fi bol ɗin girma a kan washar, a cika cikinsa da walda. Ka ga an yi wa bol sabon kai ke nan. Abin daɗin shi ne waldar ƙarfe ba ta kama alminiyam, ga washa kuma tana kare fuskar kwankon daga tartsatsi. Amma babban amfanin ma ba sabon kan ba ne, zafin ne. Walda na zuba zafi kai tsaye cikin guntun, ya yi ja, ya nemi kumbura, ya murƙushe garin da ya shaƙe shi, in ya huce kuma ya tsuke ya bar 'yar tazara. Shi ya sa ba a juya shi da zafinsa. Ƙarfe in ya yi ja laushi gare shi, kana juyawa zai murɗe kamar alewa. A jira ya huce, a ɗiga mai, sannan a sa sifana.

Abubuwa kaɗan da Baba ya tsaya a kansu, kuma na ga hikimarsu. Ya sa an yi amfani da siririyar sandar walda, geji 12, kusan milimita 2.5, don mai kauri ba za ta shiga cikin noti ta kai ƙasa ba, sai ta cika sama ta bar guntun bai kamu ba. Ya hana a maƙala wayar as a jikin sandar giyabos, ya ce a maƙala ta dab da wurin aiki, domin in wuta ta bi ta cikin boris tana barin ƙananan ƙuna, bayan wata biyu ka fara jin kuka a giya ba ka san daga ina ba. Ya kuma tambaya ko da fetur muka wanke kwankon, al'adar garejinmu ke nan, ya ce in da fetur ne sai ya bushe sarai kafin a kusanto da wuta. Wanda zai yi wannan aikin a jikin mota ba tare da ya sauke ba, ya cire kan batir tukuna. Kai kuma ɗan kallo, kau da idonka daga hasken. Ƙanena bai ji ba, daren nan bai yi barci ba, ya ce kamar an zuba mashi yashi a ido.

Noti na farko ya tsinke, ya fito da walda kawai. Gabana ya faɗi. Baba ko a jikinsa, ya ce a sake, kowane zagaye ƙara sassauta shi yake. Na biyu ma ya tsinke. A na uku ya ɗora sifana ya ɗan taɓa ta dama, kamar mai ƙara ɗaurewa, sannan hagu. Muka ji wani siririn "ƙiii". Bai yi gaggawa ba, kwata ya juya, ya koma, ya ɗiga mai, ya sake. Ya fi minti goma yana wannan rawar kafin guntun ya fito, fari fat da gari kamar an tsoma shi a toka.

To in da a ce ya karye can ciki inda walda ba ta kai fa? Nan dole sai huda, kuma duk aikin yana kan abu ɗaya: tsakiya. A daidaita saman guntun, a buga alama da kurfi a tsakiyarsa cif, a fara da siririn baki kamar milimita 3, a tafi a miƙe, a hankali, ana ɗiga mai. In murfin da bol ɗin ke riƙewa yana nan, a mayar da shi a sa ɗan bututu a raminsa ya zama jagora, don kada baki ya karkace. A auna zurfin ramin da wani ramin ɗan uwansa, a naɗa salatif a jikin bakin hudar a matsayin iyaka, kada ka zarce ka ɓulla cikin giyabos ka zuba wa haƙoran giya garin ƙarfe. Wanda ya samu bakin huda mai juyawa hagu ya more, domin yana ci yana kwancewa, sau da yawa guntun kan biyo shi tun ba a gama ba. In bai biyo ba, a riƙa ƙara girman baki har bangon bol ɗin ya zama siriri kamar takarda, a tsince ragowar da tsinke. Gaskiya in hannunka bai saba ba, kai wa masu injin sassaƙa ƙarfe, su kafa shi a kan teburin huda. Abin da za ka biya bai kai kuɗin motar zuwa Kano ba.

In tiredin ramin ya lalace, har yanzu kwanko bai mutu ba. Akwai wata waya mai kama da sifirin da ake kira Helicoil, wadda aka ƙirƙiro tun shekarun 1930 saboda injinan jiragen sama masu jikin alminiyam. Ana ɗan faɗaɗa ramin, a yanka sabon tiredi da taf ɗinta, a murɗa wayar ciki, bol mai girman asali ya koma wurinsa. In an yi daidai, riƙonta a alminiyam ya kan fi na asali ma. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a cusa bol mafi girma da ƙarfi ya yanka wa kansa hanya, ko a cika ramin da gam a ce an gyara.

Wannan ya kawo ni kan wani abu da ban sani ba sai ranar. Da muka auna guntun da ya fito, kaurinsa milimita 7 ne. Faransawa sun yi amfani da bol mai 7 sosai a tsofaffin motocinsu, wanda sifana 11 ke kamawa, alhali motocin Japan da suka cika kasuwa yanzu daga 6 sai 8. Ka je shago ka ce a ba ka bol, mai shago zai miƙo maka 8 ya ce ai duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. Tafi da ɗan uwan bol ɗin a aljihu, a gwada kauri, a gwada tazarar tiredi, a gwada tsawo. Tsawon ma kada a raina shi: bol in ya fi ramin tsawo zai tokare a ƙasa, kai kana jin ya ɗauru, ashe bai matse komai ba, ka ƙara ja ya karye. Ka kuma duba lambar da ke kansa, 8.8 ko 10.9, ita ke nuna ƙarfinsa. Wanda ba lamba a kansa, bar shi wa masu haɗa gado. Mu sai a wajen wani mai tsofaffin kayan Fijo muka samu namu, cikin wata gwangwanin madara cike da notuna.

Kafin a mayar, Baba ya bi ramin da taf mai 7 wanda ya shafa wa giris don ya kwaso datti, ya hure ramin tas. Ya ce rami mai toshe in ka bar mai a ƙasansa ka ɗaure bol a kai, man ba ya matsuwa, kwankon zai tsaga. Ya shafa ɗan man hana kamawa a tiredin, ya fara murɗa kowane bol da yatsa har sai da ya shiga zagaye huɗu ko biyar kafin ya taɓa sifana. Sifanar ma gajera ya ɗauka, ya ƙi karɓar bututun da na miƙa mashi don ƙara mata tsawo. Ya ce, "Da wannan ka karya na farkon, ko?" Na yi shiru.

Giyabos ya koma ranar Alhamis. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci muka fito da ita daga Kambarawa, muka zaga ta Ƙofar Ƙaura muka dawo, hajiyarmu na gidan gaba tana ta faɗa wai mun cika gudu, alhali ko giya ta huɗu ban sa ba. Da safe na shimfiɗa kwali a ƙarƙashinta na duba, ko ɗigo babu.

Wanda ya taɓa karya izi-awut a cikin bol, ya faɗa mana a ƙasa yadda ya ƙare da shi, ina son in ji. Mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu taɓa kafireto ɗin motar nan, don har yanzu tana shan mai kamar ba ta san an cire tallafi ba. Sai mun haɗu, a huta lafiya.